Kututturan Zogalen Kawu

Ko zan manta komai a rayuwata, ba zan manta safiyar da na zauna ina yi wa kututturan zogale kuka a Jiratawa ba.

Lokacin shekarata guda ke nan da rasa ƙafar hagu. Kabu-kabu nake yi a Maraɗi, wata babbar mota ta kwashe ni a hanyar Tibiri, na farka a asibiti na tarar an yanke ƙafar daga gwiwa. Kafin haka ni ne mai kiɗan ganga a majami'armu ta Sabon Gari. Bayan haka ko ƙofar gida ba na leƙawa. Ranar Lahadi in na jiyo waƙa daga nesa sai kewa ta kama ni kamar in yi tsuntsu in je, amma na rantse ba zan koma ba. Fushi nake da Ubangiji, kuma ban ɓoye masa ba.

Da abin ya ishi mahaifiyata, sai ta kira ƙanenta, kawuna mai garkar zogale a Jiratawa. Ya zo ya ɗauke ni kamar buhun gero, bai nemi ra'ayina ba. Aikin da ya ba ni shi ne in zauna a inuwa in kori awaki. Ni ɗan birni ne, a kwano kawai na san zogale, an kwaɗa shi da ƙuli-ƙuli. Amma a hankali na shaƙu da itatuwan nan. Dogaye ne, kuma ba sa tambayata ya jiki.

Wata safiya na dogara sandata na isa garka, sai na tarar an sare su kaf, daidai gwiwa. Daidai gwiwa fa! Na zube ƙasa na fashe da kukan da ko a asibiti ban yi ba. Ina cikin haka kawu ya ɓullo da adda a hannu.

Na ce, "Kawu, an cuce mu! Wa ya yi muna wanga aiki?"

Ya dube ni, ya dubi addar, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Kai, ɗan birni! Ni na sare su. In an bar zogale ya yi tsawo, ganye ƙarewa yakai. Saiwa na nan ƙasa, ba ta mutu ba."

Cikin haushi na ce, "To ni ƙahwata tohowa za ta yi?"

Dariyar ta tsaya. Ya zauna kusa da ni a ƙasa. "Ba za ta toho ba, ɗana, sai ranar tashin matattu. Kuma ban ce Ubangiji ya sare ta ba. Amma hannuwanka mi ya same su? Da ƙahwa kake kiɗa?"

Na dogara sandata na koma gida. Sai dai kullum na zo nakan duba wani kututture guda, ina jira ya ƙaryata kawu. Ranar da na ga tsiro uku kore shar a jikinsa, na ce a mayar da ni Maraɗi. Lahadin nan na shiga majami'a da sandata, na karɓi gangar.

Kawu ya daɗe da rasuwa. Har yau nakan yi mafarkin ina gudu, in farka in shafa gwiwata. Ina kewar kawu ƙwarai, ina marmarin ranar da zai gan ni tsaye da ƙafa biyu a gaban Yesu. Kafin ranar ta zo, abin da garkarsa ta koya mini shi ne wanda aka sare bai ƙare ba, muddin saiwarsa tana hannun Ubangiji.