Katakon da Ba a Yi wa Tsaga Ba

Baba Zarto kafinta ne, kuma tun yana saurayi abu ɗaya yake taƙama da shi: abin da ya fito daga hannunsa ba ya karyewa. Akwai bencin da ya yi wa mai shayin bakin titi, an zauna a kansa shekara ashirin, an yi kokawa a kansa, har akuya ta taɓa haihuwa a ƙarƙashinsa, ko ƙara bai taɓa yi ba. Sai kujerun roba suka shigo gari. Mutane kuwa ba su da kunya, suka riƙa wuce shagonsa ɗauke da su a ka suna gaishe shi.

Yana zaune yana korar ƙuda wata safiya, sai ga wani mai tumbi ya fito daga farar mota. Da gani ka san ƙafarsa ba ta taɓa ɗagawa ta wuce gwiwa ba, amma wai shi ne mai makarantar Taikwando, wasan nan na naushi da harbi da ƙafa da ake yi cikin fararen kaya. Ɗaki ɗaya ya kama a saman kantin magani, ya ɗauki malamin da zai koyar.

Ya ce, "Baba, katako nake so, wanda zai karye."

Baba Zarto ya ce, "Ka ɓata hanya, ɗan nan. Maƙwabcina za ka je, shi nasa tun a shago yake karyewa."

Mai makaranta ya yi dariya, ya yi bayani. Duk wata biyu ana jarrabawa, yaro ya fasa katako a gaban iyayensa, a ɗaura masa ɗamara mai sabon launi, a ɗauki hoto. Ya ce, "Yaron da ya koma gida yana kuka ba ya dawowa. Ni kuwa so nake su dawo."

Baba ya dubi tukunyar gam ɗinsa da ta bushe, ya tuna bakunan da ke gida, ya ce to.

Sai dai mai hannu, ko ha'inci zai yi, da kyau yake yi. Yakan yanka katakon, ya shanya shi a kan kwanon shago har ya bushe ƙayau, ya ja masa siririyar tsaga ta baya da bakin zarto, ya cike da garin katako da gam, ya goge. Ko da tabarau ba ka gani. Na ƙananan yara kam, atishawa mai ƙarfi ma ta isa. A ƙuryar shago yake wannan aikin, ƙofa a rufe, kamar mai cin abincin sata.

Makaranta ta yi ta haihuwa kamar zomo, har rassa goma sha ɗaya, kowanne da madubi bango guda da kofunan gasa a jere. Rabin gari na cewa babu irinta, ku dubi yadda yara suka koyi gaisuwa da tashi da wuri. Sauran rabin na cewa shagon sayar da ɗamara ne kawai. Duka biyun kuwa ba ƙarya suka yi ba.

Abin da Baba bai hango ba shi ne 'yarsa Auta. Tana da shekara goma sha huɗu ta nace sai ta shiga, ya rasa dalilin da zai faɗa ya hana. Shekara bakwai tana zuwa, ruwa ko rana. Duk katakon da ta fasa sai ta kawo ɓarin gida ta adana a ƙarƙashin gado, ta ce, "Baba, aikinka ne fa, wanda ba ya karyewa. Ga shi na karya." Shi kuma ya ce madalla, ya kau da kai yana neman abin da bai ɓata ba.

Sai aka sa mata ranar karɓar baƙar ɗamara, wadda daga ita an zama malami, aka kuma ce za a ba ta ajin mata a sabon reshe. Ran nan da la'asar ya ji ta a tsakar gida tana ce wa matar yayanta, "Anti, ki daina jiran Yaya ya rako ki ta lungun bayan kasuwa. Wata shida a ajina, ko ƙato ya tare ki kin gama da shi. Hannun nan katako uku yake fasawa a haɗe."

Baba ya ajiye butar da ke hannunsa. Farin cikin yara daban, mace a lungu ta tsaya gaban ƙato ta dogara da tsagar da shi ya ja, wannan kuma daban.

Washegari ya hau saman kantin magani wurin malaminsu, wanda kowa ke kira Masta. Mutumin kirki ne mai ciwon gwiwa, wanda ya yi wasan gaske a zamaninsa kafin ciyar da iyali ta zaunar da shi.

Baba ya ce, "Masta, tsakaninka da Allah, yarinyar nan ta iya?"

Masta ya daɗe yana murza gwiwarsa. Ya ce, "Ƙafarta tana da kyau, ba ta da lalaci. Amma ko ta iya, Baba, ban sani ba. Ba a taɓa barina na gwada ba. Kai ka san abin da nake riƙe mata."

Baba ya sauko yana saƙe-saƙe. Yana iya cusa katakon gaske cikin na ranar jarrabawa, amma wannan tozarta 'yarsa ne a gaban jama'a, shi ya laɓe a baya. Yana iya yin shiru, ta ci gaba da kallonsa a matsayin uban da aikinsa ba ya karyewa. Kwana biyu abinci bai wuce masa ba, har uwar Auta ta ce ko ya fara son wata ne.

Rana ta uku da hantsi ya kira Auta ƙuryar shago, ya rufe ƙofa. Ya ɗauko ɗaya daga cikin waɗanda ya shirya mata, ya juya bayansa, ya sa farce ya kankare gam. Tsaga ta fito.

Ta ce, "Wannan ya lalace ne?"

"Duka haka suke, Auta."

"Har na ƙarƙashin gadona?"

"Har su. Ni na ja musu."

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi ya fi masa sauƙi. Ta ce, "Ba ni wanda ba ka taɓa ba." Ya ce za ki ji wa hannunki ciwo, ta ce ba ni. Ya riƙe mata, ta ja numfashi, ta yi ihun nan nasu, ta kai naushi. Katako ya dube ta, ta dube shi. Kafin azahar hannun ya kumbura kamar burodi.

Mako uku ba ta ce masa komai ba sai gaisuwa, gaisuwar ma irin ta baƙon da ya zo karɓar haya. Ta kwashe ɓare-ɓaren ƙarƙashin gado ta ba uwarta ta hura wuta. Ranar jarrabawa ba ta je ba. Aka ba wata 'yar ajinsu ɗamara da ajin matan, mai makaranta ya aiko a ce mata ta yi wauta. Baba ya zauna a shago yana ganin ya rasa 'ya kuma bai tsira da komai ba.

Sai wata safiya ta shigo, ba sallamar kirki, ta ɗauki katakon nan da ya ƙi ta, ta sa a jaka.

"Ina za ki da shi?"

"Wurin Masta. Ya ce in zo kafin yara su iso, zai koya min yadda aka koya masa." Ta tsaya a bakin ƙofa. "Na kuma ce wa Anti ta ci gaba da jiran Yaya."

Wata biyar ta yi. Yatsunta suka yi kanta, uwarta na ta mita wai wa zai sa wa wannan hannu zobe. Ran nan ta dawo shagon da katakon, duk ya yi baƙi da gumi, ta ce, "Riƙe min, Baba. Ka riƙe da kyau, kada ka taimake ni."

Ya kafa ƙafa, ya rufe ido. Ya ji ƙarar har cikin haƙoransa.

Ya ɗaga ɓarin biyu yana duba karayar, ba santsi irin na zarto, sai tsage-tsage kamar an yaga da haƙori. Ya ce, "Kin ɓata min katako mai kyau." Auta ta ce, "Sai ka yi wani, ai kai kafinta ne," ta zauna a kan bencinsa tana hura hannu, ta janyo kofin shayinsa ta shanye.

Har yau yana ja wa na ƙananan yara tsaga, ya ce su dai a bar su su yi murna, kuma ƙofa a buɗe yake yi. Amma cikin kowane ɗauri akwai guda goma da yake sa wa jan fenti a gefe, na manya, waɗanda Masta ya ce a kawo masa ba tsaga. Mai makaranta bai taɓa tambayar ma'anar jan fentin ba. Ai sai ya sunkuya zai gani, ga kuma tumbi.