Baba Anya Zai Ajiye Makullai

Kafin mai shago na farko ya iso, shi ya riga ya zagaye ginin sau biyu. Yakan kama kowane kwaɗo ya jijjiga, ko da a gabansa aka rufe shi jiya. Ya leƙa magudanar ruwa, ya shinshina wajen mitar wuta ko zai ji ƙauri, sannan ya ja bencinsa bakin ƙofa ya zauna, yana bin duk mai shigowa da irin kallon da za ka rantse ka taɓa yi masa sata. Shekara ashirin da shida ke nan yana kula da ginin nan mai shaguna talatin da biyu. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki, gwiwoyi sun ƙi.

Baba Anya muke ce masa, domin ko cewa ka yi rana ta fito, sai ya ɗaga kai ya duba ya ce, "Anya?" Mai ginin ya sakar masa komai, har da zaɓen wanda za a ba haya in wani ya tashi. Ta nan muka haɗu, kuma haɗuwar ba ta yi daɗi ba.

Na koyi haɗa sabulu, na shekara huɗu ina cewa sai na samu shago zan fara. Da na ji mai lamba sha huɗu ya tashi, na je na gaishe shi har ƙasa, na faɗi buƙatata.

"To 'yata, ina sabulun?"

"Ai Baba, sai na samu wuri tukuna."

"Anya? Gidanku babu bokiti ne?"

Na koma gida ina saƙa da warwara. Ruwa ba ya tsami banza, tsohon nan wani abu yake so a tura masa. Washegari na dawo da ambulan, na ajiye a gefen bencinsa. Da bakin makulli ya turo min ita, ko taɓawa bai yi ba.

"Wa ya ce miki ina karɓa? Faɗa min, in san wanda zan sa wa ido."

Kunya ta rufe ni. Shi kuwa ya gindaya sharaɗi: mako uku, in haɗa sabulu ashirin in sayar wa baƙi. "Ban da 'yan uwanki. Su ko dutse kika naɗe a leda za su saya, don kada ki ji haushi."

Duk da haka zuciyata ba ta kwanta ba. Na ji an ce ɗansa ma yana neman shago, sai na ce ga amsar nan, raina min hankali ake yi har yaronsa ya shirya. Na kai ƙorafi wajen Anti mai ɗinki da ke lamba bakwai. Ta yi dariya har ta tsayar da keke.

"Ɗansa? Ai shi ya fara kora. Ya zo da allon talla an rubuta sunansa ɓaro-ɓaro, ko sukurdireba bai saya ba. Wata biyar ba ya gaishe da uban da sakin fuska."

Kada ku ɗauka jin haka ya sa na zabura. Kwana goma sha biyar na ɓata wajen zaɓen suna da launin takardar naɗi. Kullum gobe. Ran nan maigidana ya dawo ya ce sun haɗu da wani tsoho mai tarin makullai, tsohon ya ce a gaya min saura kwana shida. Ko gaisuwa bai haɗo da ita ba.

Haɗin farko Baba ya ɗauki guda, ya je famfo ya wanke hannu, ya tsaya yana kallon fatarsa. "Yana ci. Soda ta yi yawa. Da a shago kika fara sayar da wannan, da sunanki ya ɓaci tun ranar buɗewa." Na zubar, na sake. Da haɗi na biyun ya yi kyau, ya ba ni tebur a bakin ƙofa, ya zauna yana lura ko akwai mai kama da ni a cikin masu saye.

Sai daga baya Anti ta gaya min abin da ban sani ba. A makonnin nan wani mai hali ya nemi shagon, mai ginin ya buga waya sau uku yana faɗa, har ya ce ko Baba ya fara cin amana ne. Baba ya ce ya yi wa wata alkawarin mako uku, in an gaji da shi a turo a karɓi makullai. Ni ina can ina zarginsa, shi yana nan ya sa aikinsa a bakin wuta saboda ni. Yau shekarata tara a lamba sha huɗu.

Ba zan ce ba ya kuskure ba. Ya taɓa hana wani mai aski shago, ya ce idonsa bai nuna zai jure ba. Mutumin ya buɗe a tsallaken titi, ya bunƙasa. Baba ya taka da ƙafarsa ya ba shi haƙuri, kuma har yau can yake aski, sai dai ba ya zama sai ya duba rezar da kansa.

Matarsa ta taɓa ce min akwai akwatin kayan kafinta a ƙarƙashin gadonsu, tun yana saurayi ya saya, yana gobe-gobe har tsatsa ta cinye zarton. Na tambaye shi, ya ce mata ba su rasa zance. Amma bai ce ƙarya ta yi ba.

Baba, kai ne mai tambayar da ba a son ji. Kai ne ka yarda a ƙi ka yau, da a zo ana kuka a gabanka baɗi. Mun kira ka mugu, mun kira ka mai neman na goro, ka ji duka ka ci gaba da aikinka. Mu da muka wuce ta hannunka mun gode, Allah ya ba gwiwoyin nan lafiya, ya sa ka huta cikin jikoki.

Ku kuma da kuke riƙe da wata ƙofa, ko ta ofis ce ko ta wurin koyon sana'a, ku koyi wannan hali. Idan mai buri ya zo muku da baki cike da gobe, kada ku tafa masa, kada kuma ku kore shi. Ku tambaye shi abin da ya yi yau, ku yanka masa rana, sannan ku tsaya masa har ranar ta zo.