Ranar da Kawu Kada-A-Motsa Ya Roƙi A Motsa

Yara da manya a gidan, kowa Kawu Kada-A-Motsa yake ce masa, har ainihin sunansa ya ɓace. Shekara talatin ya yi yana ɗaukar hoto a wani ɗan shago mai shuɗin labule da kujera ɗaya mai ɗingishi. Kafin ya danna kyamara, sai ya ɗaga hannun hagu ya daka tsawa: "Kada a motsa!" Jarirai sun sha wannan tsawar, tsofaffi sun sha, har kyanwar maƙwabta ta taɓa samun rabonta. Shi ya sa in ka buɗe albam ɗin gidan, duk wanda ka gani ya ƙame kamar an soka masa sanda a riga.

Wadda abin ya fi cuta ita ce yayarsa, Inna Mai Keke, telar da ta rene shi tun yana ƙarami. Mace ce da ba ta san zama shiru ba: ƙafa na taka keken ɗinki, hannu na jan yadi, baki na faɗa. Amma a hoto, hannu a gwiwa, baki a tsuke, kamar mai jiran allurar likita. Jikokinta sukan duba su ce, "Wannan kuma wace ce?"

Da idanunta suka gaji da zira zare a allura, sai ta ce ta bar wa 'yarta keken. Mota za ta zo ɗauka da la'asar. Kawu na jin haka sai ya tuna cewa a duk tarin hotunansa babu ko ɗaya da yayarsa ke ɗinki. Hantsi bai yi ba ya iso da kayan aiki.

Akwai wata dabara da ya yi watanni yana gwadawa a kan fankar shagonsa. Sai a rage hasken ɗaki, a bar idon kyamara a buɗe kamar rabin daƙiƙa, duk abin da ke motsi ya bar sawunsa kamar hayaƙi. A ƙarshe filasha ta walƙa, ta kafe fuska tas. Ya ja labulen tagar ɗakin Inna, ya bar ƙwan lantarki ɗaya, ya kafa kyamarar a kan ƙafafunta uku.

"Yaya, yi ta ɗinkinki kamar ba na nan."

Ta hau taka keke, jan yadi na gudu ƙarƙashin allura. Kawu ya sa ido a kyamara, hannunsa na hagu ya tashi sama da kansa. Nan take Inna ta ƙame, ta tsuke baki. Filasha ta walƙa a kan gunki.

"Haba Yaya! Cewa na yi ki motsa!"

"Kai Auta, kar ka raina min hankali. Shekara talatin kana hana ni numfashi, yau kuma rawa kake so in yi? To don me ka ɗaga hannu?"

Ya kalli hannun kamar ba nasa ba, ya cusa shi a aljihu. Suka sake. Wannan karon gyaran murya kawai ya yi, ta sake ƙamewa. Sau bakwai ana haka, zufa ta jiƙa masa riga, rana kuma ba ta jiransa.

Can sai ya ja baya ya zauna a bakin gado, kamar ya haƙura, yatsa dai na kan madannin kyamarar. Ita kuma ta koma ƙarasa ɗinkinta.

"Wai ni Yaya," in ji shi a hankali, "wandon makarantar nan da kika taɓa ɗinka min, da gangan kika sa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo?"

"Ƙarya kake yi!" Keken ya ɗauki gudu kamar zai tashi sama. "Ni ce zan yi ɗinki ya karkace? Kai ne kake tafiya a karkace, marar kunyar yaro!"

Ya danna.

Ya duba hoton a bayan kyamarar. Wilin keken ya zama zoben haske, jan yadin ya kwarara kamar ruwa, hannayenta sun zama inuwa mai gudu. A tsakiya ga fuskarta tas, gira a ɗage, baki a buɗe, ido a kansa.

Inna ta matso da hoton har hancinta. "Ka kama ni baki a wangale. Goge shi."

'Yarta, wadda ta shigo naɗe kayan keken, ta leƙa ta kafaɗarta. "Inna, wallahi wannan ce ke."

Da la'asar mota ta tafi da keken. Kawu ya wanko hoton babba, ya kafa ƙusa daidai inda keken ya shekara arba'in yana tsaye. Inna ta ce ya cire, amma kullum da safe ita ke goge masa ƙura. In baƙo ya tambaya, sai ta ce, "Auta nake zagi a nan." Sannan ta ƙara da cewa wandon nan ƙafafunsa daidai suke.