Ranar da Kawu Ya Cire Akwatin Wuta

Shekara biyu na yi ina cajin wayoyi a kasuwar Bafarawa, a rumfar kawuna, ƙanen mahaifiyata. Ƙaramin janareta gare mu, da wani akwati da wuta ke bi ta cikinsa kafin ta isa ga wayoyi. Shi ke daidaita ta in injin ya yi gardama. Kawu bai taɓa son akwatin nan ba. Wai mai yake sha, wai shi ke hana caji sauri. Mutumin da ko fulogi bai iya canzawa!

Ranar kasuwa kowa gaggawa yake yi, don ba mai son la'asar ta iske shi a hanyar daji. Wata tsohuwa daga Kamarawa ta zo da hantsi, ta kwance 'yar wayarta daga haɓar zane.

"Ɗana, ka lallaɓa mini ita," ta ce. "Muryar autana na ciki."

An harbe shi ne a gona da daminar bara. Saƙon murya ɗaya ya bari, yana gaishe ta yana cewa a aje masa fura. Ba ta karatu, maɓallin da za ta danna kawai ta sani.

Da azahar mutane sun cika rumfa suna ƙorafi. Kawu ya tashi ya zare akwatin, ya jona wayoyin kai tsaye, ya ƙara wa injin wuta.

"Kawu, za su ƙone," na ce, a hankali.

"Kai za ka koya mini? Ni na sayi injin nan!"

Sai na yi shiru. Wallahi shirun nan ke ci mini rai har yau. Na san abin da za ya faru sarai, amma wai ba a musu da kawu gaban jama'a. Ina da mata da 'ya'ya uku, na tsaya kamar gunki ina kallo. Ko wayar tsohuwar ban cire ba, kada ya ce na raina shi.

Injin ya yi wani gunji, cajoji suka fara tas-tas, warin roba ya tashi. Kawu ya ce ƙaddara ce. Ƙaddara! Da hannunka ka zare abu, ka ɗora wa Allah?

Na hau babur na kai wayar tsohuwar garin Isa, wajen mai gyara. Ya buɗe ta, ya girgiza kai. Ta ƙone, kuma ba katin memori a ciki, duk abin da ta riƙe ya tafi.

Na dawo na iske tsohuwar zaune inda na bar ta, 'yan garinsu sun tafi. Na durƙusa na gaya mata. Ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni. Ta karɓi wayar, ta danna maɓallin, ta kara a kunne, ta daɗe tana saurare.

"To," ta ce. "Yau kam ya tafi."