Hancin Goggo Zulaiha

Har yau in na ga alewa mai santsi tana rawa a faranti, sai zuciyata ta tashi. Goggo Zulaiha ce ta ja min, ƙanwar babana.

Shekara talatin da ɗoriya tana dafa alewa a unguwar Sauka Kahuta: ta madara, gullisuwa, kantun riɗi. Jirgin ƙasa ne ya sauke kakanninmu a Minna, a wajen kakarta kuma ta gaji tukunyar. Ba ta awo, ba ta duban agogo, hancinta ne ma'auninta. Tana daga ɗaki za ta ƙwala min kira, "Talatu, sauke sukarin nan, zai ƙone!" In na leƙa kuwa haka ne. Ga ƙyanƙyamin tsiya. In aka aiko mata da abincin biki sai ta shinshina, ta yatsine fuska, ta zuba wa kaji. Matan unguwa da yawa sun sha kunya a hannunta.

Bara, lokacin mangwaro, ana zafin nan mai dafa ƙwaƙwalwa, 'yarta Nana Aisha ta haihu. Ita ta taɓa nuna wa Goggo alewar 'ya'yan itace a wani bidiyo a waya, mai taushi, haske na ratsa ta. Goggo ta rantse irinta za ta raba wa mutane ranar suna, a san jikanta ne. Mai bidiyon ta zuba wani ruwan zaƙi na masara, Goggo ta ce ba ta san shi ba, ba ta kuma neman saninsa. Sukari da lemon tsami sun ishe ta. Garin jelatin da ke daskarar da alewar kuwa, ta ce ba zai ga tukunyarta ba, don ta ji an ce da fatar alade ake yin wani.

"Ai romon ƙafar saniya ma daskarewa yake," in ji ta.

Ta dafa ƙafa huɗu tun safe har la'asar, ta tace, ta sa a firij. Wuta ta ɗauke, kwana biyu cur. A haka ta juye romon cikin ruwan mangwaro da sukari, ta tafasa, ta zuba a tire, ta ɗora kan ƙanƙarar da ta sayo.

Ana gobe suna na je taya aiki. Tun daga zaure warin ya mare ni, irin na bayan rumfar mahauta da rana tsaka, gauraye da zaƙin mangwaro. Alewar kuwa ta yi kyau abin haushi, ruwan ɗorawa, an yayyanka an barbaɗe da sukari. Ƙudaje sun yi mata rumfa.

Maƙwabta biyu na zaune a tabarma, Maman Destiny da Rukayat 'yar Bida, kowacce da guda a hannu.

"Mama, wannan abu ya yi dadi fa," in ji Maman Destiny, idonta cike da ƙwalla.

Rukayat ta gyaɗa kai, ta juya kamar mai gyara mayafi, ta tofa a ciki. Da idona na gani. Wallahi wannan karar tasu ta fi alewar ba ni ƙyama. Gobe yara za su ci abin nan, a wayi gari unguwa na gudawa da sunan Goggo a baki, su kuma suna nan suna yi mata murmushi.

Goggo ta miƙo min guda. Na sa a baki. Zaƙi ya fara zuwa, sai yauƙi, sai wani maiƙo mai tsami ya naɗe min harshe. Da gudu na kai makwarara.

"Goggo, wannan ba ta ciwuwa," na ce ina kurkure baki. "Romon ya lalace. Wari take."

"Kai Talatu, ba ka da kunya?" Rukayat ta zungure ni, da Hausarta ta 'yan koyo.

Na jira zagi, bai zo ba. Goggo ta ɗauki guda ta kai hanci, ta ja numfashi, ta sake ja, ta daɗe a haka. Sannan ta ajiye a hankali.

"Tun zazzaɓin da na yi shekara uku da suka wuce ban ƙara jin ƙanshin komai ba," ta ce. "Ko hayaƙi. Da ido nake dafawa."

Ashe duk shinshine-shinshinen nan na shekara uku, rufin asiri ne kawai.

Ta juya ta dubi matan biyu.

"Sau nawa kuka ce min ya yi daɗi?"

Maman Destiny ta ajiye sauran alewarta a gefen tabarma.

Ni na haƙa rami a bayan gida na binne tire uku, don Goggo ta ce ko kajinta ba za su ci ba. Gullisuwa aka raba ranar suna. Har yanzu tana dafa alewa, sai dai ba ta sauke tukunya sai ta aika an kira ni na shinshina. Maƙwabta kuwa tana gaisawa da su lafiya lau, amma ba ta ƙara miƙa wa kowa ɗanɗano ba.