Nauyin Toka

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana auna kaya a wani babban sito, shi ya sa ko bayan ya yi ritaya ba a kiransa da komai sai Mai Sikeli. Mutum ne da bai yarda da ido ba, bai yarda da hannu ba. In ka ce masa buhu ya yi nauyi, sai ya ce, "Kilo nawa?" In ba ka da amsa, ka ba shi wuri.

Da matarsa ta rasu, ta bar masa kyanwarta, Toka, wadda yanzu ta kai shekara goma sha shida. Haƙoranta saura huɗu. Yakan dafa mata kifi, ya zauna da hantsaki yana tsince ƙaya, sannan ya murƙushe da cokali. Ruwanta sai an ɗan ɗumama. Ya ajiye mata ƙaramin benci a gaban kujera don kada ta yi tsalle ƙugunta ya motsa.

Kowace Litinin da ƙarfe bakwai na safe yakan auna ta. Da yake ba ta yarda ta zauna kan sikeli, sai ya rungume ta su hau tare, ya cire kilo sittin da takwas daga abin da ya gani, ya rubuta saura a littafi. Sittin da takwas ne nauyinsa tun yana sabon ma'aikaci, yana kuma alfahari da hakan. Bai ga dalilin sake auna abin da aka riga aka sani ba.

A watan Janairu ta nuna kilo huɗu da rabi. A Maris, uku da ɗigo takwas. Ya ƙara mata abinci, ta cinye. A Mayu, biyu da rabi. Abin da ya ɗaure masa kai, in ya ɗauke ta sai ya ji kamar ta ƙara nauyi, har numfashinsa na sama-sama. Ya ce hannu ne ke masa ƙarya. A watan nan ne ya huda sabuwar ƙofa a bel ɗinsa da ƙusa, yana zagin masu yin fata ta zamani da ke saki.

'Yarsa da mijinta, wani direban babbar mota, suna zaune tare da shi. Sun daɗe suna son ƙaramin ɗakin da Toka ke kwana.

"Baba, wai har yanzu hajiyar gidan ba ta gama karyawa ba?" in ji 'yar. "Mu ma da mun zo duniya da jela, da an cire mana ƙaya."

"Ramewa take yi," ya ce, ya miƙa mata littafin.

Ta duba lambobin. Ta dubi kyanwar, wadda ta cika kujera, da ƙyar take lasar bayanta. Sannan ta dubi wuyan rigar ubanta da ya yi masa yawa. Ta miƙa wa mijinta littafin.

"Kai!" in ji direban. "Baba, ai wannan ta gama. Kumburi ne kake gani, ciki duk ya cinye. Barinta a haka zalunci ne. Ina da aboki mai maganin dabbobi, allura ɗaya, ba za ta ji komai ba."

"Amma tana cin abinci."

"Kai ne fa ka auna, Baba," in ji 'yar. "Ko dai sikelinka ne ke ƙarya?"

Ya yi mako uku yana turjewa. Ran Litinin ta huɗu lamba ta sauko kilo biyu cif. Da hannunsa ya shimfiɗa tsohon zanen matarsa a kwali, ya sa Toka, ya haɗa da littafin don mai maganin ya gani. Direban ya dawo kafin azahar da kwali wayam.

"Ko tambaya bai yi ba," ya ce. "Amma dai ta ba mu wahala. Ƙarfi kamar akuya."

Da yamma suka fitar da kwanon yashin da Toka ke bayan gida a ciki da benci, suka shigar da tayoyi biyu da jarkoki. Sikelin ya tare musu hanya, 'yar ta turo shi tsakar ɗaki da ƙafa. Mai Sikeli ya zo ɗauka, sai ya taka shi ya tsaya, hannuwansa ba komai. Sittin da biyar da rabi.

Ya sauka, ya sake hawa. Ya sauka, ya cire takalmi, ya hau. Lissafin bai ɗauke shi daƙiƙa biyar ba. Toka ba ta taɓa rage ko ɗigo ba.

"Ke," ya kira 'yarsa. "Ashe ni ne. Ni ne nake ramewa."

Ba ta ɗago daga jarkar da take gogewa ba.

"Ai kowa ya gani, Baba," ta ce. "Matsa, za mu wuce da katifa."