Bangon Madafina a Kagarawal

Kwana uku ke nan ba na iya zama wuri ɗaya. In na zauna a tabarma sai in tashi in leƙa madafi, in na leƙa sai in dawo. Autana ya kawo mai fenti ya duba bangon, mutumin ya ce sai an kankare tsohon fentin duka har a ga siminti, in ba haka ba sabon ba zai kama ba. Na ce su ba ni lokaci. Tsohon fentin nan marigayi Malam, mijina, shi ya shafa da hannunsa.

Maganar mai fentin ba baƙuwa ba ce a kunnena. Ina yarinya, wajen shekarun da aka karɓi mulkin kai, kakata Dada takan tara mu a madafinta bayan an sauke tuwo, garwashi bai mutu ba. Bangon baƙi ƙirin yake, in ka jingina sai rigarka ta ba da labari. Ni ce ba na barin ta ta ja numfashi.

"Dada, sai kuma me?"

"Uwar gaggawa, ke ko a ciki ba ki cika wata tara ba. Zauna. Ga wata tatsuniya nan ta iso."

"A shimfiɗa mata," mu ce.

Wata mai tuwo ce, in ji Dada, ta ji wanta zai dawo daga doguwar tafiya. Ta dubi madafinta, kunya ta kama ta. Ta jiƙa farar ƙasa ta shafe bangon tas. Da ta hura wuta, sai farin ya tattare ya riƙa zubowa cikin miya. Ta sake shafawa, ya sake zubowa. A na uku ta ɗauki muciya za ta doki bangon, sai bango ya yi magana.

Nan Dada takan ƙanƙance murya. "Baiwar Allah, ai ni ba ki taɓa ni ba tukuna. Hayaƙin shekara ashirin kike yi wa kwalliya, shi kuwa hayaƙi ba ya riƙe komai."

Matar ta samo tsingaro ta kankare, ta wanke da ruwan toka mai zafi, ta bar shi kwana uku ya sha iska. Wanta ya iso ya tarar da bango tsirara, ya ci tuwonsa bai ko ɗaga kai ba. Bayan ya tafi ta shafa farar ƙasa, ta zauna daram. "Ta ƙare," Dada ta ce, "kowa ya karkaɗe rigarsa."

Shekarun da kuɗin mai suka shigo, Malam yana tuƙa wani babban ma'aikaci a GRA. Ya ga madafin gidan yana ƙyalli, ya dawo da gwangwanin fentin mai, shuɗi. Na ce masa Dada ta ce sai an kankare an wanke.

"Dada farar ƙasa ta sani," ya ce. "Wannan ko a kan ruwa aka shafa shi sai ya zauna."

Ya shafa a kan baƙin hayaƙi da maiƙon man gyaɗa. Wata bai cika ba fentin ya kumbura kamar ƙuna, ya fara ɓarewa. Ranar da ya tsinci shuɗi a miyar kuka ya ajiye a gefen kwano ya ce, "Gishiri ya yi daidai."

Bai taɓa yarda ya yi kuskure ba. Duk ƙaramar Salla sai ya ce wancan fentin ne marar kyau, ya sayo wani launi ya ɗora. Kore, rawaya, ya koma shuɗi. Ni in riƙe masa kujera ina mita, shi yana cewa, "Jikar Dada, riƙe da kyau, kada ki zama gwauruwa a kan fenti." Bara da damina ya rasu. Har yau in ɓawon ya faɗo sai in juya shi in ƙirga launukan, in ce wannan shekarar da aka haifi wance ne, wannan shekarar da ya bar tuƙi. Sai kuka.

Na san Dada ta yi gaskiya, na san mai fenti ma ya yi gaskiya. Jikokina a madafin nan suke cin abinci, ba zan bar su suna tauna fenti ba. Abin da tatsuniyar ba ta faɗa ba shi ne, wani lokaci abin da za a kankare hannun mutum ne. Mai tuwo hayaƙi kawai ta rasa.

A gaya wa Auta mai fentin ya zo ran Asabar, ya kankare har ƙasa, ya wanke, ya bari ya bushe yadda ya kamata. Amma abin da ya zubo kada kowa ya sa masa tsintsiya. Ni zan share.